Abin da Bai Shiga Takarda Ba

Gidan yana nan inda na bar shi,
a kwarin Mora, ƙarƙashin duwatsun da ke yin fari tun Nuwamba.
Ko taku ɗaya bai motsa ba.
Amma yau na sake sayar da shi,
ko in ce, na sayar da jiran da ya rage mini a kansa.

Shekara bakwai ke nan da Leandro Maestas ya zo
da hula a hannu, banki uku sun nuna masa ƙofa.
Na ce, to ni ne bankinka.
Shiga, gyara rufi, biya ni wata-wata,
dala ɗari shida da arba'in, shekara ashirin.
Takardar mallaka tana wurina sai ka kai gaci.
A teburin kicin muka sa hannu,
Crescencia tana zuba kofi,
tana gaya wa matarsa wace taga ce ke gardama da damina.

Bai taɓa aiko kuɗin ta gidan waya ba.
Da kansa yake kawowa, a ambulan mai tabon man inji,
wani lokaci da tuffa daga bishiyar da na dasa,
da kaka kuma, jan barkono a sarƙe kamar carbi.
Shekarar da tarakta ta karya masa ƙafa
wata uku ba ambulan.
Ban ƙirga ba. Ƙarya nake, na ƙirga,
amma ban ce uffan ba.
Da ya miƙe, itacen wuta ya jibge mini har bakin taga.

Yanzu Crescencia ba ta san sunana ba.
Gidan da ke kula da ita a Santa Fe
ba ya karɓar tuffa, ba ya jin "sai wata mai zuwa."

Mutumin kamfanin yana da murya mai laushi.
Ya ce saura dubu sittin da ɗaya,
za su ba ni arba'in da huɗu, a dunƙule, ranar Litinin.
Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki,
na sani,
sai dai ni na san kazar, na san 'ya'yanta da sunayensu.

Matar mai hatimi ta juyo mini takardar.
Ni, Eufemio Archuleta, na miƙa dukkan haƙƙina,
da ragowar bashi, da ruwansa,
da ikon karɓe gida idan an yi kwana talatin ba a biya ba.
A wannan layin alƙalamina ya tsaya.
Layin yana nan tun ranar kofi,
wuƙa ce a kube, ban taɓa zarewa ba,
ga shi ina miƙa ta da ƙotarta
ga wanda bai taɓa ganin gurguntar Leandro ba.

Na duba shafi huɗu, gaba da baya,
ina neman inda zan rubuta wata ukun nan.
Babu gurbi.
Haƙuri ba ya bin takarda.

Na sa hannu. Hatimi ya sauka, ƙwas.

Da yamma na tuƙa zuwa can, don kada wasiƙa ta riga ni.
Na same shi cikin magudanar ruwa, da shebur, laka har gwiwa.
Na ce, daga Janairu
akwatin gidan waya ne a Dallas, ga lambar.
Sharaɗi bai canza ba, ko kwabo.
Ya goge hannu a wando, ya karanta sau biyu.
Ya ce, in na makara fa?

Na dubi duwatsu.

Ya ce, yaya jikin Doña Crescencia?
Bashi hanji ne, yana cikin kowa,
shi ya fi ni sani, bai sa na yi bayani ba.

Da zan tafi sai ya ce in dakata.
Ya shiga, ya fito da sarƙar barkono,
ya ajiye a kujerar da babu kowa.
Ba na bin sa komai yanzu.
Duk hanya ƙamshin yana cika motar,
ni kuwa ina neman sunan da zan karɓe shi da shi.